Zuciya Biyu a Kan Aiki: In Zauna ko In Ajiye?

Akwai wata tambaya da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba. Ba a kawo ta a taron majalisar Ikklisiya, ba a kuwa tasowa da ita a Zumuntar Mata ko a taron matasa. Sai an tashi daga Misa, jama'a sun watse, sa'an nan mutum yakan raɓo ofishin Fada, ya yi gaisuwa, ya taɓa zancen damina da tsadar taki, can daga baya ya sunkuyar da kai ya ce, "Fada, aikin nan nawa ya ishe ni, amma ina jin tsoron barinsa." Malamin makaranta yakan faɗi haka, nas takan faɗa, akawun ƙaramar hukuma da ɗan sanda da yarinyar da take aikatau a gidan mai hali, dukansu sukan faɗa. Yawancinsu kuma sukan haɗa da neman gafara, sai ka ce sun yi saɓo, gama sun san akwai dubbai a waje riƙe da takardun shaida, suna roƙon Allah dare da rana ya ba su ko da rabin abin da su suke kuka da shi.

Ya kamata mu fara gane abin da yake raba zuciyar biyu. A wurinmu albashi bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Iyayenmu da yawa sun sayar da akuya da buhun dawa domin su sa ɗa guda a makarantar mishan, suna sa zuciya cewa ran da ya zama malami ko akawu gidan duka ya huta. Daga albashi guda ake biyan kuɗin makarantar ƙanne, a sayi taki a aika ƙauye, a kai tsohuwa asibiti, a yi rufin kwano, a ba da gudummawar biki da ta jana'iza. Saboda haka in mutum ya ajiye aiki, wasu mutum goma sun ajiye tare da shi, ba a kuwa tambaye su ba. Ga kuma maganar suna. Da aikinsa muke kiran mutum, Malam wane, Hedimasta, Sajan, har bayan ya yi ritaya da shekaru. Wanda ya bar aiki da kansa yakan ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa.

Tsoron nan kuwa yana da tushe. Tsofaffi cikinmu suna tunawa da 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Sun ga yadda shirin SAP na 1986 ya cinye darajar albashi. Waɗanda suka zauna a Kakuri sun san abin da ya faru da masaƙun Kaduna: KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, magidanta masu furfura suka koma haya da babur da gadin ƙofar wasu. Bayan cire tallafin mai a 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma kowace uwargida ta san kwana nawa kuɗin nan yake yi a hannu. Mutanen da suka ga yadda aiki yake barin mutum ba za su ɗauki maganar mutum ya bar aiki da wasa ba. Da babu, in ji su, gara ba daɗi.

Amma ɗayar muryar ma ba ƙarya take yi ba. Akwai mai aikin da yake bin bashin albashin wata biyar. Akwai wanda shugabansa yake zaginsa gaban yaran da ya haifa ma sun girme su. Akwai wanda ake miƙa wa takarda kowane ƙarshen wata ya sa hannu a kan abin da ya san bai faru ba. Akwai wanda ya fita tun asuba ya dawo 'ya'yansa sun yi barci, har suka yi wayo ba su san muryarsa ba sai a faɗa. In irin wannan mutum ya ji zuciyarsa tana cewa zauna, tana kuma cewa tashi, kada ya ɗauka rashin godiya ne ko ƙarancin bangaskiya. Lamirinsa ne yake auna nauyi biyu waɗanda dukansu na gaskiya ne. Ni dai na fi jin tsoron wanda bai taɓa jin komai ba game da abin da yake yi da hannunsa shekara talatin.

Ikklisiya tana bambanta aiki da wurin aiki. Aiki kam wajibi ne, daraja ce kuma. Littafin Farawa ya nuna Allah ya sa mutum cikin gona ya nome ta ya kiyaye ta tun kafin zunubi ya shigo. Abin da zunubi ya ƙara shi ne ƙaya da gumi mai ɗaci. Ubangijinmu ya yi yawancin shekarunsa a duniya yana sassaƙa a Nazarat. Manzo Bulus ya ɗinka tanti a Koranti tare da Akila da matarsa, ya kuma tsawata wa Tasalonikawan da suka naɗe hannu suna cin guminsu wasu. Amma babu inda aka ɗaure mutum ga ofis guda ko maigida guda. Aure alkawari ne har mutuwa, haka ma keɓewar firist; takardar ɗaukar aiki kuwa ba sakramenti ba ce. Tun a 1891 Paparoma Liyo na 13, cikin wasiƙarsa Rerum Novarum, ya koyar cewa in talauci ko tsoro ya sa ma'aikaci ya yarda da ladan da ba ya isarsa, yardar tasa ba ta wanke maigidan ba, zalunci ne aka yi masa. Bayan shekara 90, a 1981, Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya zo Kaduna a watan Fabrairu na 1982 ya keɓe firistoci, ya rubuta Laborem Exercens, inda ya nuna cewa darajar kowane aiki daga mutumin da yake yinsa take fitowa, domin mutum aka yi aiki. Ashe dai barin wani wurin aiki halal ne. Abin da ya rage mu sani shi ne yaushe ne ya zama dole, yaushe ne zaɓi, yaushe ne kuma gudu.

A nan na fi samun haske daga wani abu da Waliyyi Giregori Babba, wanda ya yi Paparoma daga 590 zuwa 604, ya lura da shi sa'ad da yake wa'azi a kan sura ta 21 ta Bisharar Yohanna. Bitrus da Matiyu dukansu sun bar sana'arsu suka bi Yesu; ɗaya ya bar taru a bakin teku, ɗaya ya tashi daga teburin karɓar haraji. Bayan tashin Ubangiji daga matattu sai ga Bitrus ya koma su, Yesu kuwa bai tsawata masa ba, sai ma ya cika masa taru da kifi 153. Amma ba mu ji Matiyu ya koma teburinsa ba. Dalili, bisa ga Giregori, shi ne akwai sana'ar da ake yi ba tare da zunubi ba, akwai kuma wadda da ƙyar ake yinta, ko ma ba a iya yinta sam, sai da zunubi. Wanda ya tuba yana iya komawa ga ta fari, amma ba ga ta biyu ba.

To, tambayar farko da mai zuciya biyu zai yi wa kansa ke nan: wannan aiki nawa tarun Bitrus ne, ko teburin Matiyu? Ku lura da wani abin mamaki. Taru aikin wahala ne. Bitrus ya sha kwana cikin sanyin teku ya fito hannu wofi. Tebur kuwa a inuwa yake, kuɗi suna zuwa da ƙafarsu. Saboda haka sau da yawa aikin da muke ɗokin bari shi ne wanda ba shi da laifi gaban Allah, wanda ya kamata mu bari kuwa shi muke riƙewa da hannu biyu. Masu kukan gajiya da ƙarancin albashi suna da yawa. Masu kukan cewa kuɗin da yake shigo musu ya fi albashinsu sau biyar, ba su kuma iya faɗa wa matansu inda ya fito, 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai kada mu yi gaggawar cewa kowane Kirista ya tashi daga kowane tebur. Cikin sura ta 3 ta Bisharar Luka, masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Mutumin nan da bai ji tsoron Hirudus ba, da ya ga dama da ya ce su ajiye aiki. Bai ce ba. Ya umarci masu haraji su tsaya ga abin da aka ƙayyade, sojoji kuma su daina ƙwace da ƙage, albashinsu ya ishe su. Zakka na Yariko ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar da riɓi huɗu ga wanda ya cuta, ba a kuwa faɗa mana ya bar muƙaminsa ba. In dukan masu tsoron Allah suka fice daga kwastan, da aikin ɗan sanda, da baitulmali, da kotu, wa aka bar wa gwauruwa da maraya? Akwai barin aikin da yake kama da tsarki, amma a ƙarƙashinsa mutum ya wanke hannunsa ne kawai, ya bar garken ga kura.

Ina iyakar take? Koyarwar Ikklisiya ta bambanta wanda yake aiki a inda ake aikata mugunta, da wanda hannunsa da yardarsa suke cikin muguntar. Mu ɗauki misalin ofishin da aka fitar da kuɗin rijiyar burtsatse, rijiyar kuwa ba a haƙa ta ba. Masinjan da ya ɗauki fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da direban da ya tuƙa shugaba, ba daidai suke da jami'in da ya sa hannu ya ce ya je ya ga ruwa yana zuba ba. Na ƙarshen nan ya yi shaidar zur, matan ƙauyen kuma za su ci gaba da shan ruwan kududdufi da sa hannunsa. Abin da ya fara wajaba a kansa shi ne ya ƙi sa hannu, cikin ladabi, ba da hayaniya ba. Ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, gama umarni irin wannan ba ya son takarda. Ya nemi a canja masa sashe. Mai yiwuwa a jefa shi wani ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, a hana shi ƙarin girma shekara da shekaru. Wannan gicciye ne, amma gicciyen da ake iya ɗauka. Wani lokaci ma ya fi kyau ya tsaya a kore shi saboda ya ƙi, da ya fice shiru ya sauƙaƙa musu, domin abokan aikinsa su gani da idonsu cewa ana iya ƙi. Amma idan ya gwada duk wannan, ya ga kujerar ba ta zaunuwa ko wata guda sai da ƙarya, ko kuwa ya san kansa, ya san ya riga ya fara jin daɗin kason da ake ba shi, to, teburin Matiyu ke nan. Ya tashi, ko da bai san inda zai sa ƙafa ba tukuna.

Yawancin ayyukanmu ba su kai nan ba. Ba sa tilasta mana zunubi, suna dai cin mu a hankali kamar gara. A nan labarin Yakubu da kawunsa Laban yake da amfani. Shekara 20 ya yi masa kiwo, 14 domin 'ya'yansa mata, 6 domin garke, rana ta dake shi, sanyin dare ya hana shi barci, in naman jeji ya kashe dabba shi yake biya, Laban kuwa ya sake masa lada har sau goma. Da ya tashi tafiya, Littafi Mai Tsarki bai kira shi marar haƙuri ba. Ya nuna Allah ne ya ce masa ya koma ƙasarsu. Haƙuri halin kirki ne, amma mun mai da kalmar abin rufe bakin wanda ake cuta. Hana ma'aikaci ladansa yana cikin zunuban da Katikisma ta ce suna kuka zuwa sama, bisa ga wasiƙar Yakubu da Maimaitawar Shari'a. Wannan kuwa bai tsaya kan gwamnati ba. Ya shafi mai makarantar kuɗi, ya shafi uwargidan da ta ɗauko yarinya daga ƙauye shekara uku ba ta aika wa iyayenta ko kwabo ba, ya shafi kowace makaranta ko asibitin da yake ɗauke da sunan waliyyi a allon ƙofarsa. Wanda ya bar irin wannan wuri bai yi wa kowa butulci ba. Wani ma tsoro da sabo ne kawai suke riƙe da shi, sabo kuwa turken wawa ne.

Neman inda albashi ya fi tsoka ma ba kwaɗayi ba ne a kan kansa. Wasiƙar nan ta 1981 ta amince mutum yana da 'yancin barin ƙasarsa ma domin neman aiki, ta kuma ce fitarsa asara ce ga ƙasar da ya bari. Nas ɗinmu da likitocinmu da suke tafiya Ingila da Saudiyya suna da hujja, ba zan jefe su da dutse ba. Roƙona kawai shi ne wadda ta san ita kaɗai ce ungozoma a asibitin ƙauye ta sa matan nan masu ciki cikin lissafinta, ta ba da lokaci a nemi wata, kada a wayi gari a tarar da ƙofa a kulle.

Kada kuma wani ya zaci akwai amsa ɗaya ga kowa. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya zauna a kujerarsa cikin rashin lafiya mai tsanani har ya rasu a 2005. Magajinsa, Paparoma Benedikt na 16, ya sanar ranar 11 ga Fabrairu 2013 cewa ƙarfinsa bai ƙara isa nauyin aikin ba, ya sauka ranar 28 ga watan. Aiki ɗaya, abokai biyu masu tsoron Allah, kowa ya binciki lamirinsa, amsa ta fito dabam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu sai maganar waɗanda suke ci daga albashin. Manzo Bulus ya yi wa Timoti magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da iyalinsa. Yakubu ma, kafin ya bar Laban, ya kira Rahila da Lai'atu zuwa saura, ya zayyana musu kome, ya ji ta bakinsu. Ku gwada wannan da maigidan da matarsa za ta ji a bakin maƙwabta cewa mijinta ya ajiye aiki tun makon jiya. In gajiya ce ko neman canji, iyali suna da baki a ciki, domin cikinsu ne zai biya. In kuwa lamiri ne ya tilasta, ba su da ikon hanawa, amma suna da hakkin a faɗa musu, a kuma shirya su.

Waliyyi Tomas Mor ya nuna yadda ake yin wannan. Shi ne babban jami'in shari'a da mulki na Ingila a ƙarƙashin Sarki Henri na 8. Da ya ga sarki ya nufi raba Ikklisiyar ƙasar da Paparoma saboda maganar aurensa, sai ya yi murabus a watan Mayu na 1532. Bai buga ganga ba, bai zagi sarki ba. Ya nemo wa barorinsa wuraren aiki a gidajen wasu manya, ya ba magajinsa jirgin ruwansa tare da matuƙansa, sa'an nan ya tara 'ya'yansa ya bayyana musu cewa daga yau tukunya za ta ragu, suka yi shawarar yadda za su zauna. Duk da haka murabus bai cece shi ba. An tsare shi a 1534 saboda ya ƙi yin rantsuwar da sarki ya nema, matarsa ta je kurkuku ta yi masa faɗa a kan ya bar gida mai kyau ya zaɓi zama da ɓeraye, aka fille kansa ranar 6 ga Yuli 1535. Ina son labarin matar nan, gama tana tuna mana cewa ko waliyyi ma iyalinsa ba lalle su tafa masa ba.

Game da lokaci, Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya bar mana shawara mai sauƙi: kada mutum ya sauya babbar shawara sa'ad da ransa yake cikin duhu. Takardar da aka rubuta daren da shugaba ya ci maka mutunci, fushi ne ya rubuta ta. Sa ta cikin akwati. Je ka yi ikirari, ka karɓi Jibi, ka yi addu'ar kwana tara, ka nemi mutum biyu masu hankali waɗanda ba su da riba ko ka zauna ko ka tashi. Ignatiyus ya kuma ce mutum ya ɗauka baƙo ne ya kawo masa wannan matsala, me zai ce masa. Ya kuma ɗauka yana kan gadon mutuwa, wanne zai so a ce ya zaɓa. In bayan wata guda, ranar da aka biya albashi kuma shugaba ya yi maka fara'a, har yanzu zuciyarka tana cewa tashi, to, ka saurare ta. Daga nan sai lissafi, kamar mai ginin hasumiyar da Ubangiji ya ba da misalinsa: abincin wata nawa ke rumbu, kuɗin makarantar zango mai zuwa, bashin adashi, haya, gona ko sana'ar da za a kama. Wanda yake ƙarƙashin tsarin fanshon da aka kafa a 2004 ya sani asusun ajiyarsa nasa ne, yana bin sa in ya canja aiki. Wanda ya rage masa shekara biyu ya cika lokacin garatuti kuwa ya yi tunani sau biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda aka fita ma shaida ce. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta ƙayyade sanarwar mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Takardar ɗaukarka aiki ko dokokin aikin gwamnati suna iya neman fiye da haka. Kirista ya cika wannan, ya miƙa makullai da littattafan kuɗi a gaban shaidu, ya koya wa mai gadonsa abin da ya sani, kada ya kwashe masu ciniki ko kayan aikin maigidansa ya tafi da su. Malami kuma, in da hali, ya bari yara su gama jarrabawa.

Bayan an fita, nadama za ta zo ko da shawarar daidai ce. Ƙarshen wata na fari da waya ba ta yi ƙarar shigowar albashi ba, zuciya za ta tuna da ofis da alheri, ta manta da dukan abin da ya kore ta. Isra'ilawa ma a jeji sun yi kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, suka manta da tubali da bulala. Kewa ba hujja ba ce cewa an yi kuskure. Wanda kuma ya auna ya ga zama ya fi, to, ya zauna da gaske. Akwai waɗanda suka bar aiki a zuci tun shekara goma, suna zuwa ƙarfe goma su tashi da azahar, marasa lafiya suna jira a benci, yara suna wasa a aji, albashi kuwa bai taɓa wuce su ba. Waɗannan ba su zauna ba, ba su kuma tashi ba, kuɗin da suke karɓa kuwa akwai tambaya a kansa.

Saura kuma mu jama'ar Ikklisiya. Ranar godiyar kaka ko ranar ƙaddamar da asusun gini, wanda ya sanar da kuɗi mafi yawa shi ake tafa wa, a kai shi kujerar gaba, ba mai tambayar matakin albashinsa. 'Yan'uwa a ƙauye kuwa sukan ce da ɗansu mai riƙe da baitulmali, "Lokacinka ne, in ba ka yi yanzu ba sai yaushe?" Wanda ya ƙi sa hannu aka kore shi, ko ya tashi da kansa, sai a riƙa raɗa cewa wawa ne, ko an yi masa asiri. Da irin wannan hali jama'a suke ɗaure 'ya'yansu a teburin Matiyu, sa'an nan su taru ranar Lahadi suna addu'a Allah ya kawar da cin hanci daga Nijeriya. Mutum guda ba ya iya ɗaukar tsadar gaskiya shi kaɗai in yana da 'ya'ya biyar a makaranta. Ƙungiyar Waliyyi Vinsent de Pol, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, kowacce tana da littafin marasa lafiya da gwauraye. Ya kamata a buɗe shafi domin wanda ya rasa aiki saboda lamirinsa. Makarantar Ikklisiya ta ɗaga masa kuɗin zango ɗaya ko biyu. Mai shago ko kamfani a cikinmu da yake neman amintaccen da zai riƙe masa kuɗi ya fara duba wurinsa. Shugabannin shiyya kuma su kai masa ziyara a makon da ya fita, su sake komawa bayan wata uku, lokacin da buhun masara ya kusa ƙarewa kuma masu jaje sun daina zuwa.